Malami Ya Fara Sanin Fadama Kafin Ya Kai Yara

Tsakanin Haɗeja a Jihar Jigawa da Nguru a Jihar Yobe akwai wata babbar fadama. Ruwan Kogin Haɗeja da na Kogin Jama'are ne ke malala a cikinta. Manoman shinkafa da masunta da makiyaya duk da ita suka dogara. Da hunturu kuma tsuntsaye sukan taso tun daga Turai su sauka a nan. Domin kare su aka keɓe wurare kamar Dagona da Baturiya.

Amma fadamar ta ragu. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ruwan da ke malalowa da damina ya ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da yawa. Yaran makaranta ne za su gaji wannan wuri, don haka ya kamata su gan shi da idonsu. Gani ya kori ji.

To, amma malami ba zai nuna abin da bai sani ba. Shi ya sa ake son a fara horar da shi a cikin fadamar, ba a cikin aji ba.

Na farko, ya koyi gane tsuntsaye da itatuwa da sunayensu: belbela, ɗinya, kirinjijiya, goruba, gabaruwa.

Na biyu, ya zauna da tsofaffin masunta da manoma. Su ne suka san inda ruwa yake kaiwa a da, da inda ya tsaya yanzu.

Na uku, ya koyi tsare lafiyar yara. Kada su yi wanka ko wasa a kwantaccen ruwa, domin a nan ake ɗaukar tsargiya. A tafi da ruwan sha. A ƙirga yara wajen tafiya da wajen dawowa.

Na huɗu, ya nemi izinin iyaye da mai gari da ma'aikatan gandun. Ya hana yara harbin tsuntsu da ɗibar ƙwai.

Iyaye ma suna da nasu aikin. In malami ya zo neman izini, su tambaye shi ko ya taɓa zuwa wurin, da kuma wanda zai raka su. In yaro ya dawo, su sa shi ya faɗi abin da ya gani.