Yadda Kyamarar Tsaro Ta Ke Gani Da Dare

Da yawa daga cikinmu, in mun gama koyon aikin malanta, za a tura mu makarantun da ke da ɗakin ajiya cike da littattafai da kayan kimiyya, ga mai gadi ɗaya tak. Saboda haka ina so in bayyana wa 'yan'uwana abin da na koya game da kyamarar tsaro, gama a kan yi sata da dare.

Kyamara ba ta gani cikin duhu sai da haske, kamar idonmu. Abin da ya bambanta shi ne tana da 'yan fitilu kewaye da idonta masu ba da wani ɓoyayyen haske, watau infirared. Wani masani a Ingila, William Herschel, shi ya gano wannan haske a 1800, sa'ad da ya ke auna zafin launukan hasken rana. Idon mutum ba ya ganinsa, amma kyamara tana gani, sai dai hoton ya kan fito baƙi da fari.

To, a nan ne mutane su ke ɓata kuɗinsu. Hasken nan ya kan bugi abin da ke kusa ya komo, kamar yadda tocila ta ke yi in an haska farin bango. In aka kafa kyamara daf da bango, ko kusa da bakin rufi ƙwarai, sai bangon ya yi fari fat, filin kuwa ya yi baƙi ƙirin. In aka sa ta bayan gilashin taga, ba abin da za ta nuna sai hasken kanta. Gizo-gizo ma ya kan yi saƙa a fuskarta domin ƙwarin da ke taruwa, da hunturu kuma ƙura ta rufe ta. Tsumma mai laushi da tsani sau ɗaya a mako sun isa magani.

A wajen saye, a duba ko an rubuta IP66 ko IP67, alamar ruwan sama da ƙura ba sa shigarta. Nisan da a ke rubutawa jikin kwali kuwa, a ganina kada a dogara gare shi. Ganin mutum daga nesa daban ne, gane fuskarsa daban.

A kafa ta kamar ƙafa 9 daga ƙasa, ta fuskanci ƙofa. In ta yi sama da yawa, hula kaɗai za a gani. Lalle a haɗa ta da batir, domin ɓarawo ya san lokacin da a ke ɗauke wuta. Kada kuma a juya ta wajen tagogin ɗakunan kwana ko gidan maƙwabci. Sa'an nan kafin a ɗaure ƙusoshi sosai, a jira dare ya yi, wani ya bi ta ƙofar a ga ko za a gane shi.