Sassaben Zamani: Yadda Manoman Maraɗi Suka Tari Hamada

Kowace damina ana bikin dashen itatuwa. Manya su zo da manyan riguna, a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara ta zagayo, awaki da ƙishirwa sun gama da yawancinsu. Mai son ganin inda aka taka wa hamada birki da gaske, ya leƙa gonakin Maraɗi da Damagaram.

A 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aikin gona da mishan a Maraɗi, ya gaji da dashen da ba ya kamawa. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa lokacin sharar gona ba ciyayi ba ne, tohon kututture ne, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin ba wuya. Manomi ya zaɓi kututturen kalgo ko sabara ko gawo, ya bar rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, ya datse sauran, ya riƙa sassabe na gefe. Tunda saiwar ta riga ta kai ga danshi, ba ruwanta da ban ruwa.

Da farko dariya aka yi, don a lokacin gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Ga kuma doka: itace na gwamnati ne, in ka sare reshe a gonarka malamin daji ya ci ka tara. Wa zai raini abin da ba nasa ba? Yunwar 1984 ta sa mutane suka gwada, daga baya aka sassauta dokar, itace ya koma hannun mai gona. A ganina wannan sassauci ya fi dabarar kanta aiki. Yau ana ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Gawo ne ɗan gaban goshi. Da damina yakan zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Je ka duba zangarniyar da ke gindinsa, ta fi ta fili kauri. Iskar da ke binne shuka da rairayi ta ragu, mata kuma sun huta da doguwar tafiyar neman makamashi.

Saura masu saran dare, da saɓanin da kan taso da makiyaya. Ƙauyuka da dama sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, har da Fulani da mata a ciki.