A Gina a Kwamfuta Kafin a Haƙa Tushe

Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi, ko ya ratsa Gozaki ta ƙaramar hukumar Kafur, ya san cewa da an kwashe masara da auduga, kuɗin kaka a bulo da kwano suke ƙarewa: sito, shaguna, azuzuwa, ɗakin shan magani. Ya kuma san abin da kan biyo baya. Birkila ya gama bango ya yi filasta, mai aikin famfo ya zo ya fasa, mai wayarin ya zo ya sake fasawa, siminti ya ƙare ana tsakiyar aiki. Ba rashin gwaninta ba ne. Kowa da nasa zanen, wani ma a ka yake riƙe da shi.

Wannan ɓarnar ce tsarin da ake kira BIM yake magancewa. Ana tayar da ginin sukutum a kwamfuta, da manhaja irin Revit ko ArchiCAD, kuma kowane bango yana ɗauke da bayaninsa: kaurinsa, yawan bulonsa, rodin ginshiƙinsa. Mai zane da injiniya da mai ƙiyasin kaya duk a kan samfuri ɗaya suke aiki. In bututu zai ci karo da ginshiƙi, tun a allo za a gani. In aka faɗaɗa sito, lissafin kaya ya sauya nan take. Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, shi ne mai zane, shi ne mai sanin nauyin da azara za ta ɗauka, shi ne shugaban magina. Ginin siminti ya raba wannan sani ga mutum biyar, sai ya zamana dole a samo inda za su haɗu. Birtaniya ta wajabta tsarin a ayyukan gwamnatin tsakiya tun 2016, a 2018 kuma aka fitar da ƙa'idarsa ta duniya, ISO 19650.

Za a ce wannan na masu dogayen benaye ne, ina ruwan Gozaki, inda wuta ma sai an yi sa'a? To ai ba a filin gini ake kunna kwamfutar ba. A ofis ake aikin, a Katsina ko Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yaye masu zane da masu ƙiyasi. Abin da zai iso wa birkila takarda ce, ko hoto a waya. Lasisin manhajar da tsada, gaskiya ne, kuma mai ɗaki biyu bai buƙace ta ba. Amma ajin firamare ko asibitin karkara iri ɗaya ake maimaitawa gari-gari, don haka samfuri guda da aka yi da kyau zai yi wa jiha aiki shekaru.

Suka mafi ƙarfi ita ce kwamfuta ba ta hana ɗan kwangila rage rodi. Haka ne. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamban 2021, ya kashe mutum fiye da 40, ba ƙarancin masana ne ya kayar da shi ba. Sai dai samfuri yana barin shaida. In ya ce buhu kaza, rodi mai kauri kaza, mai duba aiki ya sami ma'auni, shugabannin gari ma za su iya neman takardar su ƙirga da idonsu. Shi ya sa a ganinmu gwamnatin Katsina ce ya kamata ta fara, ta sa shi sharaɗi a kwangilolin makarantu da asibitoci da rumbunan hatsi, kuma ta hana biyan kuɗin ƙarshe sai an miƙa samfurin tare da makulli.