San Na'urorin Intanet na Kamfaninka Kafin Ka Ce "Babu Netwok"

A masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, yanzu rasit, lissafin kayan sito da kyamarorin tsaro duk da intanet suke tafiya. Da zarar aiki ya tsaya sai a ɗora wa kamfanin layi laifi, alhali sau da yawa matsalar tana cikin gida, a akwatunan nan masu ƙyaftawar fitila da aka kafe a bangon ofis.

Modem shi ke karɓo intanet daga waje, ko ta wayar faiba, ko ta layin MTN da Airtel, ko ta faifan Starlink da ya shigo Nijeriya a 2023. Rauta ke raba abin da ya shigo, ta bai wa kowace kwamfuta da waya adireshinta, ta kuma zama mai gadi tsakanin kamfani da waje. Shi kuwa suwic, akwatin nan mai ramuka 8, 24 ko 48, aikinsa haɗa kwamfutoci, firinta da kyamarorin cikin gida. Ko intanet ya yanke, akanta zai iya buga takardarsa muddin suwic na da wuta. Sai na'urar watsa Wi-Fi da ake maƙalawa a silin don faɗaɗa zango.

To ga inda ake tafka asara. Kebul na Cat6 ba a jan sa ya wuce mita 100; in sito ya fi haka nisa, sai a sa suwic a tsakani ko a ja faiba. Bangon ƙarfe da manyan injuna suna kashe ƙarfin Wi-Fi, don haka rauta guda a ofishin manaja ba za ta wadatar da duk haraba ba. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan shan iska, na'ura ta yi zafi ta ƙone. Sauyi daga wutar gari zuwa janareta da tsawar damina su ma suna halaka na'urori, shi ya sa UPS, wato na'urar ajiye wuta, ya zama dole.

Babban haɗari kuwa shi ne barin kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, irin su "admin". A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi ta wannan kafa ta kame dubban kyamarori da rautoci, har ta durƙusar da Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i a Amurka. Rigakafi ya fi magani: a canza kalmar tun ranar kafawa, a sake canzawa duk lokacin da ma'aikaci ya bar aiki, a ware wa baƙi Wi-Fi nasu daban.

Masu kamfani, ku sayi kayan da hukumar sadarwa ta NCC ta tantance, kuma kada ku sallami injiniya sai ya rubuta muku sunan kowace na'ura da aikinta, ya damƙa muku kalmar sirrinta a hannu.