Tukunyar da Ba Ta Jiran Mahauci

Duk wanda ya dubi yawan shanun da ake korowa kasuwannin ƙasar Hausa, ya kuma ga tukubar tsire tana hayaƙi a kowace mararraba ta birni, lalle zai zaci Bahaushe ba ya kai loma baki sai da tsoka, alhali kuwa in aka shiga gidajen talakawa, waɗanda su ne galibin al'umma, sai a iske nama ba ya zuwa sai da dalili: ranar layya, ko ragon suna, ko kaurin mai jego, ko sa'ad da maigida ya komo daga cin kasuwa da ɗan kashi ƙunshe a ganye. Ba shari'a ce ta hana ba, domin nama halal ne, ba kuwa zuhudu ba ne irin na sufaye; hali ne na rayuwa, da ƙana'a bisa abin da Allah ya hore. Da mutane suka ce tuwon girma miyarsa nama, ai sun shaida ke nan cewa tuwon yau da kullum da wata miya ake cinsa, kuma a kan wannan miya ake gane gwanintar mace, don kowa ya iya daɗaɗa tukunyar da ƙashin raƙumi ko jelar sa ke ciki.

Asirin wannan miya daddawa ne. Idan bazara ta yi, ɗorawa ta nuna, aka shanye garinta, aka ware makuba domin shafen soro, sai kalwa ta rage wa tsofaffi mata, su kwana suna iza mata wuta har ta yi laushi, su surfe ta, su kai ta bakin rafi ko rijiya su wanke har ɓawon ya rabu da ƙwaya, su sake dafawa da 'yar kanwa, kana su rufe ta ruf a ɗaki mai ɗumi kwana biyu ko uku, ba mai buɗewa, ba mai leƙawa, har warinta ya sanar da maƙwabta cewa ta yi. Wannan wari, wanda baƙo ke toshe wa hanci, shi ne ɗan gida ke ji yawunsa ya tsinke. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a faɗaɗa da tafin hannu, a shanya bisa tabarma. Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ga itatuwan ɗorawa a gonaki, ya kuma ambaci daddawa cikin hajar da ake ciniki da ita. Har yanzu akwai saɓani tsakanin masu daddawar kalwa da masu ta batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa; na farko suna cewa batso ta faye ƙarfi, ta kan danne ɗanɗanon kuka, na biyu suna cewa miyar da ba ta bugi hanci ba ruwa ce kurum. Ni dai a miyar kuka ina tare da kalwa, amma a busasshiyar kuɓewa ban ga abin da ya kai batso ba.

Sai kwaɗo, wanda a ganina shi ne sarkin abincin rana, ko da yake dattawa da dama ba su yarda a kira shi abinci ba, wai marmari ne na mata da yara. Da damina ta sauka, bayan gida da gefen gona sai su cika da rama, da tafasa, da yaɗiya, ga zogale a jikin danga yana jiran hannu. A tsinke ganyen, a dafa, a matse ruwansa sarai, domin a nan ne rago ke kasawa, sa'an nan a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a ɗiga man gyaɗa, a cuɗa da hannu a cikin akushi ko ƙwarya. Mai hankali ba ta dafa rama sau ɗaya ta tsaya, sai ta zubar da ruwan fari saboda tsami. Zogale kuwa in ya wuce wuta ya mutu, in bai kai ba ya yi ɗaci. Ana ci ne a tsakar gida, a inuwa, kishiyoyi da 'ya'yansu hannu a ƙwarya guda, kuma sau da yawa ƙwaryar kan tsallaka katanga, a ce, "Inna ta ce a kawo wa Yaya ta taɓa." Tafasa ce kaɗai ta sha ƙasƙanci, saboda ta tsaya wa mutane a shekarun yunwa, irin Kakalaba ta 1914 da farin 1973, har wasu suka ɗauki cinta alamar babu, wanda kuwa butulci ne ga ganyen da ya rayar da kakanninsu.

Dambu da fate da taushen kabewa kowa ya san su. Ɗanwake ne ake jayayya a kansa, domin na asali garin wake ne da dawa ko rogo, da kuka da ruwan kanwa, a jefa shi da yatsu cikin tafasasshen ruwa, in ya taso a tsame a ruwan sanyi, a zuba soyayyen mai da yaji. Amma yanzu fulawa ta mamaye shi, har ana samun ɗanwaken da babu wake a cikinsa ko ƙwaya, ana kuma jera masa dafaffen ƙwai da kabeji. Abin mamaki, gyaɗa da barkono da rogo da masara duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, amma sun zauna a madafinmu har ba mai tuhumarsu da baƙunta.

Abin da ya sauya ƙwarai shi ne dunƙulen kanti, wanda ya shiga kowace tukunya har miyar Katsina da ta Zazzau suka koma ɗanɗano guda, ga itatuwan ɗorawa ana sarewa domin itace da gawayi ba a dasa wasu, har masu sana'ar suka koma yin daddawa da waken suya saboda tsadar kalwa. Zogale shi ya ci riba, tun da likitoci suka yabe shi: wanda da ake tsinka kyauta a dangar maƙwabci, yau a kasuwar Rimi ta Kano da mudu ake auna shi, attajirai kuma suna aika direba ya sayo musu kwaɗonsa a roba.