TAURARON DA WUTARSA BA TA KAMA BA

Manoman Tambuwal da Kebbe ba su bukatar a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta. In kaka ta yi, aka gama yankan gero, da magariba sai ga ta a gabas. Ido yakan ƙirga shida ko bakwai, amma taurarinta sun fi dubu. A cikin wannan garke ne, a shekarar 1995, Rafael Rebolo da abokan aikinsa a tsibiran Kanariya suka tabbatar da wata halitta wadda Shiv Kumar ya ce akwai ta tun 1962. Masana suna kiranta wadan tauraro.

Ga bayaninsa. Tauraro irin Rana dunƙulen iska ne mai nauyi ƙwarai, nauyin nan shi ke matse cikinsa har iskar haidirojin ta kama ci. Shi kuwa wada, nauyinsa tsakanin ninki 13 ne zuwa wajen 75 na duniyar Mushtari, bai isa ya riƙe wannan wuta ba. Misalinsa ƙarfen da maƙeri ya fitar daga wuta: da fari ja wur, sa'an nan ya yi ta hucewa.

To, mai karatu zai ɗauka abu irin wannan lafiyayye ne. Ina! Muddin yana da ƙuruciya, cikinsa tafasa yake kamar tukunyar kunu, ga shi yana juyawa da sauri, wani ma ba ya cika yini guda ya kewayo. Tafasa da juyi su ke haifar da ƙarfin maganaɗisu, watau mayen ƙarfe. Wannan ƙarfi yakan murɗe kamar igiyar da aka yi wa tufka fiye da kima. Ran da ta tsinke, iskar da ke bisansa sai ta ɗau zafi na miliyoyin digiri, ta fitar da hasken eksire, irin wanda likita ke ɗaukar hoton ƙirji da shi.

Iskar duniyarmu tana tare wannan haske, alhamdu lillahi, saboda haka sai daga kumbo ake ganinsa. Kumbon Jamus mai suna ROSAT ya fara gano shi jikin wani jaririn wada, aka bayyana a 1998. A 2003 kuma kumbon Amurka, Chandra, ya nuna cewa TWA 5B, mai shekara wajen miliyan 12, yana fitar da eksire kamar yadda Ranarmu take fitarwa. Malaman makaranta su dubi wannan da kyau: abin da nauyinsa ɗan kaɗan ne daga na Rana, ga shi yana gogayya da ita.

Labarin da ya fi ba mu sha'awa shi ne na LP 944-20, wanda ya manyanta, shekararsa wajen miliyan 500. Ran 15 ga Disamba 1999 aka kafa masa Chandra har awa 12. Awa tara shiru, ko alama babu. Kwaram sai ya yi walƙiya, ta ɗan jima, ta mutu. Da masu tsaron sun gaji sun juya da wuri, da an rubuta cewa babu kome.

Dalilin shirun kuwa, in wada ya huce, iskar da ke kewaye da shi ba ta ɗaukar lantarki sosai, maganaɗisu ba ya samun abin kamawa, sai eksire ya ragu. Amma maganaɗisun yana nan bai tafi ba. Shaidar haka ta fito a 2001, sa'ad da aka bayyana cewa waɗansu ɗalibai da suka je koyon aiki lokacin hutu a tashar VLA ta Amurka sun ji wannan wada ɗin yana aiko da igiyar rediyo mai ƙarfi fiye da yadda manyan malamansu suka ƙiyasta nesa ba kusa ba.