Ciwon Bahar Rum Da Ake Gada A Jini

A ƙasashen da ke gewaye da Bahar Rum, da ƙasashen Larabawa, da Indiya da Pakistan, akwai wani ciwo da likitoci ke kira talasimiya. Ba a ɗaukarsa a iska ko a ruwa, ba kuwa sammu ba ne. Gadonsa ake yi daga uwa da uba, kamar yadda ake gadon sikila a ƙasar Hausa.

Wani likitan yara na birnin Detroit a Amurka, Thomas Cooley, shi ya fara bayyana alamunsa a shekarar 1925. A 1932 aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar teku, gama yaran da aka fara gani da shi 'ya'yan mutanen gaɓar Bahar Rum ne.

Ga yadda al'amarin yake. Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari, himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar numfashi ya kai ta ko'ina a jiki. Ƙwayar mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki. Amma jikin mai wannan ciwo ba ya iya ƙera sinadarin yadda ya kamata, sai ƙwayoyin su fito ƙanana, su mutu da wuri. A kan haifi jariri garau, gama yana tafe da irin jinin da ya rayu da shi a ciki. Bayan kamar wata shida sai a ga ya ɗashe, ya ƙi girma, saifa ta kumbura, ƙasusuwan fuska su faɗaɗa saboda wahalar da ɓargo ke sha.

Maganin da ke riƙe ransa shi ne ƙarin jini duk bayan mako uku ko huɗu, muddin rai. To, amma kowane ƙari yana barin sinadarin ƙarfe a jiki, ya taru a zuciya da hanta har ya halaka su. Saboda haka tilas a haɗa da maganin fitar da ƙarfen. Dashen ɓargo daga ɗan'uwan da jininsu ya dace yakan warkar ƙwarai. A 2023 kuma Ingila ta yarda da wani magani mai gyara ƙwayar gadon kanta, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Wanda ya gada daga ɓangare ɗaya kawai yakan yi zamansa lafiya, sau da yawa bai ma sani ba. Masana sun lura irin wannan gado ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, domin yana ba mai shi 'yar kariya. Haɗarin yana wurin aure. In miji da mata duka suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon mai tsanani. Kada a zaci in an haifi mara lafiya ɗaya uku na gaba sun tsira. Kowane ciki da nasa lissafin. Auren zumunci kuwa yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu gado iri ɗaya.

A tsibirin Kubrus, inda wajen mutum ɗaya cikin bakwai ke ɗauke da gadon, shugabannin coci suka sa ƙa'ida a 1983: ba a ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Ba a hana kowa aure ba, an dai sa kowa ya sani tun da wuri, haihuwar masu ciwon kuwa ta ragu ainun. Iran ta kafa nata gwajin a 1997, Saudiyya ta wajabta shi a 2004, har da na sikila.

Talasimiya mai tsanani ba ta da yawa a Nijeriya, amma lissafin gadonta ɗaya ne da na sikila, wadda wajen mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ita. Ya kamata iyaye da waliyyai su tura yaro da yarinya asibiti tun kafin a kai goro, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.